Yadda Ake Sassaƙa Hoton Habaici da Dabbobi a Buga Shi a Takarda

Hoton bugu daban yake da zanen fenti. Shi sassaƙa shi ake yi a jikin katako ko roba, a shafa masa tawada, a ɗora takarda a murza, sai hoton ya tashi a jikinta. Allo ɗaya zai ba ka kwafi ashirin, hamsin, har ɗari. Wannan yawan ne ya sa sana'ar ta zama ta masu son magana da jama'a, domin zanen fenti guda ɗaya a falon mai kuɗi yake ƙarewa, hoton bugu kuwa kasuwa yake bi. Masu sana'ar kuma sun daɗe da gano cewa abin da baki ke shakkar faɗa, jaki ko ɓera zai faɗe shi.

A 1799 Francisco Goya na ƙasar Sifen ya fitar da jerin hotuna 80 da ya kira Los Caprichos. Shida daga ciki, na 37 zuwa na 42, jakuna ne. Ga jaki malamin makaranta yana koya wa ɗan jaki harafin A. Ga jaki likita ya riƙe hannun majinyaci yana duba bugun jininsa. Ga wani ya buɗe littafin asalinsa yana alfahari, kakanninsa duk jakuna. Na ƙarshe shi ya fi ciwo: talakawa biyu sun sunkuya, kowanne ya goya jaki a bayansa. Babu sunan kowa a jiki, amma ba a daɗe ba ya janye su daga kasuwa, a 1803 kuma ya miƙa wa sarki allunan.

Goya a jikin jan ƙarfe ya yi nasa, da ruwan asid da injin matsi. Hanyar da zan bi da kai ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba: sassaƙa a lino (wani faifai mai laushi kamar roba) ko katako, bugu da cokali, ba inji ba wutar lantarki. Abu ɗaya kafin mu shiga: malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tukuna. Dabarun sassaƙa da bugun da ke ƙasa suna aiki haka nan ga rubutu, dagi da sauran ado.

Mataki na farko: nemo ɗabi'ar da za ka soka

Kada ka fara da dabba, kada kuma ka fara da mutum. Fara da aiki. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da wani yana yi wa wani wani abu. "Cin hanci ya yi yawa" ba hoto ba ne, ba abin da za ka sassaƙa a ciki. "Mai gadin rumbu yana auna hatsin da dare" hoto ne. "Lebura ya yi dakon siminti, ɗan kwangila ya ƙirga kuɗin" shi ma hoto ne. In jimlar ba ta da hannun da ke miƙawa ko bakin da ke ci ko bayan da ke ɗauka, sake ta.

A nan nake ganin yawancin masu farawa suke ɓata aikinsu. Haushin wani ne ya cika su, sai su zana fuskarsa su liƙa masa kunnen jaki. Wannan zambo ne tsirara, kuma ransa gajere ne, ranar da mutumin ya sauka daga kujera hoton ya mutu. Habaici shi ke daɗewa, saboda halin yake kamawa, kuma hali ba ya sauka daga mulki. A ƙauyen Dong Ho na ƙasar Biyetnam har yau ana buga wani tsohon hoton katako na bikin ɓeraye: ango a kan doki, amarya a cikin abin ɗauka, masu busa suna tafe, a gaba kuma wasu ɓeraye suna miƙa wa ƙatuwar kyanwa kifi da tsuntsu don ta bar ayarin ya wuce. Hakiman da aka yi shi dominsu sun daɗe a ƙasa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen hanya ya laluba aljihu zai gane hoton nan take.

Akwai kuma maganar tsira da kai. Honoré Daumier na Faransa ya zana Sarki Louis-Philippe da fuskarsa a fili, yana haɗiye dukiyar talakawa, aka ɗaure Daumier wata shida a 1832. Utagawa Kuniyoshi na Japan kuwa, da hukuma ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayo a 1842, sai ya koma buga kifaye da kyanwoyi da kunkuru, masu saye suna gane ɗan wasan da ake nufi, ya ci gaba da sana'arsa.

Mataki na biyu: zaɓi dabbar

Mai karanta Hausa ya shigo wannan fage da jari. Tatsuniya da karin magana da kirari sun riga sun raba wa dabbobi halaye, mai kallo kuma ya san su tun yana goye. Dila malamin daji ne. Belbela ci da motsin wani. Hankaka mai da ɗan wani naka. Kaska raɓi mai jini. Kaza ci ki goge bakinki. Gafiya tsira da na bakinki. Angulu ba ta jewar banza. Kowanne daga cikin waɗannan rabin hoto ne an riga an zana maka. Belbela sanye da babbar riga tana bin saniyar da ke huɗa, ba sai ka rubuta komai a ƙasa ba.

Amma ka lura da wanda zai kalla. Ma'anar dabba ba ta ƙetare iyaka da kanta. Bature ya ɗauki mujiya alamar hikima, mu kuwa wadda tsuntsaye suka tsana ce. Giwa a Amurka jam'iyyar Republican take nufi, tun da Thomas Nast ya zana ta haka a mujallar Harper's Weekly a 1874. Idan ka kwafo dabbar wani da ma'anarta, mutanen unguwarku za su karanta abin da ba ka rubuta ba. Wannan darasin ɗaliban kwalejin Zariya da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 suka tsaya a kai, wato a ɗauki dabarar waje a zuba mata abin gida. Ɗaya daga cikinsu, Bruce Onobrakpeya, ya zama babban gwanin hoton bugu a Nijeriya, kuma tatsuniyoyin mutanensa Urhobo ya riƙa ɗibowa.

Dabba ɗaya kuma tana iya ɗaukar ma'ana biyu masu karo da juna, kura ce babbar shaida. A "an ba kura ajiyar nama" ita ce azzaluma. A "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ita ce abar tausayi. Na biyun zan ɗauka misali har ƙarshen wannan bayani, don ya fi daɗin aiki: mai kallo ya saba tsanar kura, sai ga shi ka sa ya tsaya a bayanta. Hoton shi ne kura da takunkumi a baki, sarƙa a wuya, kwanon dakon siminti a kanta. Gardi a gefe, ta baya muke ganinsa, hannu ɗaya sanda, ɗayan ya miƙa yana karɓar kuɗi. Fuskarsa ba ta fito ba, da gangan.

Abu ɗaya ko biyu daga kayan mutane ya ishi dabba: hula, carbi, jakar ofis, waya, kwanon dako. In ka sa mata riga da wando da takalmi da agogo, ta tashi daga dabba ta koma mutum mai mummunan kai, ƙarfin hoton ya zube.

Ga iyakar da ba a ƙetarewa, kuma ina faɗar ta da gaske. Dabba ta tsaya a madadin hali, kada ta taɓa tsayawa a madadin ƙabila, addini ko jinsin mutane. A Ruwanda, kafin kisan kiyashin 1994 da lokacinsa, jarida da rediyo sun yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kowa ya san abin da ya biyo baya. Don haka duba tufafin da ka sa wa dabbarka. Idan hular ko zanen ko tsagen fuska zai sa a ce "ai mutanen kaza yake nufi", cire shi.

Mataki na uku: haɗa kaya

Allo. Lino na masu zane, mai kaurin kusan milimita 3, shi ya fi laushi, ana samunsa a shagunan kayan zane na manyan birane. In babu, je wurin kafinta ka sa ya yanko maka guntun MDF (faifan da aka matse daga garin katako) ko filawud mai santsi, santimita 15 da 20. MDF ba shi da jijiya, wuƙa tana bin duk inda ka juya ta, sai dai yana saurin dakusar da ita. Filawud yana tsagewa in ka yanka a kan jijiyarsa, amma yana ba da zane mai kyau a cikin baƙi. Faifan robar da masu ɗinkin takalma ke yin ƙasan takalmi da shi, mai santsin, shi ma yana yi don koyo.

Wuƙaƙe. Uku sun isa: mai bakin V don siraran layuka, mai bakin U don kwashe fili, da wuƙa mai tsini don yanka gefe. Idan na kanti sun yi tsada, nemi tsohuwar laima. Ƙarafan da ke riƙe yadinta, irin masu kwari a tsakiya, dama siffar U gare su. Yanke tsawon yatsa, ka goge bakin a karkace ta waje da magagari, ka wasa a dutse, ka kafa shi a ƙotar itace. Zai yi aiki sosai a lino da roba.

Tawada. Ta maɗaba'a mai mai, irin wadda masu buga katin biki da kalanda ke zuba wa injinsu, ita ce mafi sauƙin samu, ɗan cikin gwangwanin madara zai kai ka nesa. Akwai mai ruwa da ake sayarwa a bututu, tana wankuwa da sauƙi, amma da hunturu takan bushe a kan rola kafin ka kai ga takarda. Fentin gida da tawadar makarantar allo ba sa yi, sun cika ruwa, cikin ramukan za su gangara.

Sauran: rolar roba mai faɗin santimita 10 ko fiye, guntun gilashi mai kauri ko tayil mai santsi don murza tawada, babban cokalin ƙarfe ko na katako, fensir, baƙin alƙalami mai kaurin baki, takardar kabon, takarda mai shara-shara ta kwafar zane, salatif, samfefa mai laushi, tsumma, kananzir ko man gyaɗa da sabulu. Takardar bugu ta zama marar kauri kuma marar sheƙi. Farar takardar jarida don gwaji, takardar zane mai ɗan nauyi don na gaske. Mai sheƙi ba ta shan tawada, mai kauri kuma cokali ba ya iya mata.

Ka sa kafintan ya haɗa maka matokari: faifan katako, a kafa siririn itace a ƙarƙashin gefen da ke kusa da kai don ya kama bakin tebur, wani kuma a saman gefen nesa don ya tare allon. Wannan ɗan abin shi ke tsakanin wuƙa da tafin hannunka.

Mataki na huɗu: zana shi baƙi da fari

A wannan sana'a babu toka-toka. Wuri ko dai ka sassaƙe shi ya fito fari, ko ka bar shi ya ɗauki tawada. Saboda haka ka yi ƙananan zane da yawa, kowanne bai fi tafin hannu ba, da alƙalami mai kauri, har ka ga inda baƙi zai zauna. Kusan rabi da rabi yana da daɗin kallo. Abu fari ka jingina shi da baƙi, abu baƙi ka jingina shi da fari. A misalinmu kura baƙa ce a kan farin fili, gardi kuma farar riga a gaban baƙin taron 'yan kallo, kuɗin da ke hannunsa su ne wuri mafi haske a hoton duka, don can ake so ido ya sauka.

Sannan gwajin inuwa. Cike dabbar da baƙi gaba ɗaya, ba ido ba baki, ka nuna wa yaro ka tambaye shi mece ce wannan. In ya ce kare, ba ka gama ba. Kura kafaɗunta a sama suke, baya ya gangaro, ƙugu a zube, ƙafafun baya gajeru, wuya kakkaura, kunnuwa a zagaye. Jaki kunne ne da faɗin ciki. Angulu sanƙo ne da wuyan da ya nutse tsakanin kafaɗu. Ƙara gishiri a waɗannan siffofi, ka rage sauran.

Rubutu a jiki, in za ka sa, ya zama gajere. John Muafangejo na Namibiya, wanda ya koyi aikin a makarantar zane ta Rorke's Drift a Afirka ta Kudu, yakan sassaƙa dogon bayani a cikin hotunansa na lino, kuma ya yi masa kyau, amma mai koyo ya tsaya a kalma uku ko huɗu. "Kura da shan bugu" ya isa. Mai kallo zai ƙarasa da bakinsa, kuma ƙarasawar nan da ya yi ita ce ta sa ya shiga cikin maganar.

Mataki na biyar: mayar da zanen kan allo

Goge allon da samfefa sama-sama, ka share ƙurar da tsumma mai ɗan damshi. In MDF ne ko filawud, shafa masa banish siriri ka bari ya bushe, don kada ya shanye tawada. Sannan ka shafe fuskar da ruwan tawada mai launi, ja ko shuɗi, tsarke sosai. Amfaninsa, duk inda wuƙa ta bi zai fito da haske, kana ganin hotonka yana tashi.

Komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Kwafi zanenka a takarda mai shara-shara, ka kifa ta a kan allon, fuskar zanen tana kallon ƙasa, ka sa kabon a tsakani, ka kama da salatif, ka bi layukan da biro ta baya. Ɗaga, ka cike duk inda zai zama baƙi da alƙalami.

Rubutu a nan yake kayar da mutane. Harafin b in ya juya d yake zama, S da N da Z kuma sukan fito a birkice ba ka lura ba. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ma sai ta kalli inda bai kamata ba. Ajami da ake rubutawa daga dama, a kan allo daga hagu zai faro. Kafin wuƙa ta taɓa allon, ɗaga shi gaban madubi. Abin da ka gani a madubi shi takarda za ta ba ka. Duba har hannun da gardi ke karɓar kuɗi da shi, don karɓa da hagu magana ce daban a wurinmu, sai in ita kake nufi.

Mataki na shida: sassaƙa

Wasa wuƙaƙen tukuna, ka goga bakinsu a guntun fata. Wuƙa dakusasshiya ita ke zamewa ta sari mutum, saboda sai ka danna da ƙarfi. Lino in ya yi tauri da sanyi, ajiye shi a rana minti kaɗan zai yi laushi.

Tokare allon a matokari. Ƙotar wuƙa a cikin tafin hannu, ɗan ali a kan ƙarfen yana yi mata jagora. Ɗayan hannun kullum a bayan wuƙa yake, ba ya shiga gabanta ko sau ɗaya. Tura gaba, a kwance-kwance, zurfin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar. In za ka yi lanƙwasa, allon za ka juya, wuƙar ta ci gaba da kallon gaba.

Fara da wurin da ba shi da haɗari, kamar filin ƙasa, hannunka ya saba. Sannan ka bi gefen kura da mai bakin V, kana yanka ta wajen layin, ba a kansa ba. Ka sa bangon yankan ya gangara waje, ƙasan layin ya fi samansa faɗi. Layin da aka rarake ƙarƙashinsa yakan karye a bugu na goma.

Yanzu jiki. Gashin kura gajerun sara ne da bakin V, suna bin yadda gashin ke kwanciya, daga wuya zuwa gadon baya. Inda haske ya faɗo, a kan kafaɗa, sara su yi yawa su matsu. Wajen ciki su yi ƙaranci har su ɓace cikin baƙi. Haka ake samun toka-toka ba tare da toka ba. Rodi-rodin jikinta tsibirai ne na baƙi da ka kewaye ka bari. Sarƙa kuwa kada ka ce sai ka fitar da kowane zobe, fari da baƙi a jere sun isa ido ya ce sarƙa ce.

Ido ka bar shi ƙarshe, lokacin da hannunka ya natsu. Ɗigon fari ɗaya ne, amma shi ke yanke hukuncin hoton. In ka sa shi a tsakiya, kura tana hararar mai kallo, ta koma abar tsoro. In ka kai shi gefe, wajen hannun gardi, ka ɗan rufe samansa da baƙi, ta zama mai kallon haƙƙinta yana wucewa. Taɓa shi da tsinin wuƙa sau ɗaya ka tsaya. Ana iya ƙarawa daga baya, ba a iya mayarwa.

Manyan filayen fari ka kwashe su da mai bakin U. Za a bar 'yan tudu tsakanin sara, waɗanda kan ɗauki tawada kaɗan su fito kamar zare-zare. Ni ina son su, su ke nuna aikin hannu ne, amma ka sa su bi hanya ɗaya da ke taimakon hoton, misali su kewaye kura kamar ƙurar fage. Don ganin inda ka kai ba tare da tawada ba, ɗora siririyar takarda ka goga gefen fensir a kai.

Mataki na bakwai: tawada da bugu

Kaɗe ɓarɓashi da tsohon buroshin haƙori, don guntu ɗaya in ya hau rola zai bar farin tabo a kowane kwafi. Share tebur, raba shi biyu, gefen tawada da gefen takarda mai tsabta.

Ɗebi tawada kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ka ja ta layi a saman gilashin. Taɓa da rola, ka murza a fili ɗan murabba'i, gaba da gefe, kana ɗaga rolar a ƙarshen kowace tafiya don ta juya. Kunnenka zai gaya maka in ta yi. Idan kana jin caɓ-caɓ kuma tawadar tana tashi da tsini, ta yi yawa, kwashe. Wadda ta yi daidai ƙaramin sauti take yi, sii-sii, irin na albasa a mai a ƙaramar wuta, fuskarta kuma lumui.

Hau allon da rola sau huɗu zuwa shida, siriri-siriri, ta fuskoki daban-daban, kana komawa gilashi tsakani. Ɗaga shi wajen haske, ko'ina ya yi sheƙi iri ɗaya. Siriri sau da yawa ya fi kauri sau ɗaya, don mai kauri ita ke cike gashin da ka sha wahalar sassaƙawa.

Don kowane kwafi ya zauna wuri ɗaya, zana girman takardarka a kan kwali, ka zana girman allon a tsakiyarsa. Ajiye allon a gurbinsa, ka daidaita gefe ɗaya na takardar da layin, ka sake ta ta kwanta a hankali. Da ta taɓa tawada kada ta ƙara motsi. Shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Ɗora wata siririyar takarda a sama don kada cokali ya huda, sannan ka murza da bayan cokali, ƙananan zagaye, kana dannawa, ba ka tsallake ko'ina ba, musamman gefuna da manyan baƙaƙe. Danne rabi da hannu, ka ɗaga kusurwa ka leƙa. In da saura, mayar ka ƙara murzawa. In ya yi, kama kusurwa ɗaya ka ɓare a hankali.

Na farko da na biyu kan fito fari-fari, allo bai ƙoshi ba tukuna, kada ka yi hukunci da su. Daga na uku ka duba. Baƙi mai ɗigo-ɗigon fari, tawada ta yi kaɗan ko murza ba ta isa ba. Siraran layuka sun toshe, tawada ta yi yawa. Hoto ya yi biyu-biyu, takarda ta motsa. Baƙi a inda kake son fari, goge allon ka ƙara kwashe tudun.

Kafin ka buga da yawa, kai gwajin nan wurin mutum biyu ko uku da ba su san abin da kake nufi ba, mai shayi, tela, wata gwaggo a gida. Kada ka yi bayani, ka ji abin da za su ce. In sun yi dariya suka kawo misalin wurin aikinsu, ya yi. In sun ambaci sunan mutum ɗaya tak, ko wata ƙabila, koma kan allo ka cire abin da ya ja su can. Ka tuna kuma akwai dokar ɓata suna, kuma a Nijeriya an sha gurfanar da mutane kan abin da suka sa a intanet ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Mataki na takwas: launi, shanya da lamba

Mai son launi na biyu, hanya mafi sauƙi ita ce ya sassaƙa ƙaramin allo daban don abu ɗaya kawai, a misalinmu kuɗin hannun gardi. A fara buga launin, ja ko kore, a bari ya bushe, sannan baƙi ya hau kansa, ana amfani da kwalin nan don su haɗu daidai. Launi ɗaya a wuri ɗaya ya fi uku a warwatse.

Tawada mai mai tana ɗaukar kwana biyu zuwa mako kafin ta bushe, gwargwadon kaurinta da yanayi, da damina ta fi jinkiri. Ɗaura igiya a ɗaki ka rataye su da maƙalan shanya, kada su taɓa juna, ka rufe taga in ana ƙura. Wanke rola da gilashi da man gyaɗa sannan sabulu, ko kananzir a wuri mai iska, nesa da wuta. Allon katako kada ya ga ruwa, tsumma da ɗan kananzir ya ishe shi. Rola a ajiye ta robar tana sama, in ta kwana a kan fuskarta takan yi shaida.

Da sun bushe, ware waɗanda suka fito iri ɗaya, ka ƙirga. In ashirin ne, da fensir za ka rubuta a ƙarƙashin hoton: 1/20, 2/20 har ƙarshe a hagu, sunan hoton a tsakiya, sa hannunka da shekara a dama. Adadin da ka rubuta alkawari ne ga mai saye, ba a ƙara bugawa a kansa. In kuwa so kake ya yaɗu, kamar yadda 'yan ƙungiyar masu hoton bugu ta Taller de Gráfica Popular da aka kafa a Meziko a 1937 suka riƙa buga na lino a takarda mai araha suna liƙawa a bango, to kada ka sa lamba sam, buga iya ƙarfin allon. Ajiye kwafin a kwance tsakanin faifan kwali biyu, da farar takarda a tsakanin kowane biyu, allon kuma a naɗe shi a jarida a sa shi a kwance inda rana da damshi ba sa kaiwa.